Kwalin Faifai: Takardar Da Ta Ɗauki Kasuwar Waƙa Daga Ƙofar Wambai Zuwa Dugabau

Duk wanda ya yi wayo a Dugabau, ko a wani gari na ƙasar Kabo da Gwarzo, a shekarun 2000, ya san yadda sabuwar waƙa take shigowa gari. Ranar kasuwa mai faifai zai iso da jaka a bayan babur, ko ya turo baro da lasifika a ɗaure, ya nemi inuwa ya baje hajarsa. Kafin ya kunna komai samari sun kewaye shi, kowa ya ɗauki ɗan kwali mai ƙyalli yana jujjuyawa: hoton mawaƙi a gaba, jerin waƙoƙi a baya, faifai a ciki. Da yawa daga cikin masu saye ba su taɓa jin ko baiti ɗaya na abin da ke ciki ba. Kwalin suka gani, shi suka taya, shi suka biya.

Yau wannan haja ta kusa ɓacewa. Waƙa ta koma cikin waya, kwalayen da suka rage kuwa suna ƙarƙashin katifa ko cikin tsohuwar adaka, wasu an hura wuta da su tuni. Amma wannan ɗan kwali, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, ya yi wa kasuwar waƙa da fim ta ƙasar Hausa aikin da bai yi wa ta Turai ba. A can aikinsa kariya da ado. A Kano kuwa shi ne talla, shi ne rasit, shi ne shaidar mallaka, kuma an daɗe shi ne ainihin abin da mai fasaha yake sayarwa ya ci abinci.

Daga garmaho zuwa akwatin roba

A farkon zamanin garmaho, cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da faifai, babu hoto babu ado. Wani matashin mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, shi ne ya fara yi wa faifai bango mai zane a wajen 1940, ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga nan zanen bango ya zama sana'a mai zaman kanta, har gasar Grammy ta ware masa kambu tun daga 1959. A Najeriya ma an yi gwanaye. Lemi Ghariokwu na Legas ya zana wa Fela Anikulapo Kuti bangon faifai 26, farawa daga 1974, kuma har yau ana baje kolin zanen nasa a ƙasashen waje.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sannan ya haɗa kai da Sony suka fito da faifan CD a 1982. Faɗin faifan santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. Akwatin roba mai haske da aka san shi da shi, wani ma'aikacin Philips mai suna Peter Doodson ne ya tsara shi. Akwatin yana da kyan gani, kuma yana riƙe faifai ta ramin tsakiya yadda fuskarsa ba ta gogar komai. Aibinsa kuwa duk wanda ya taɓa riƙe shi ya sani: faɗuwa ɗaya murfin ya tsage, 'yan kunnuwan da ke riƙe murfin su karye, haƙoran tsakiya su zube.

Saboda haka tun a shekarun 1980 aka fara komawa ga takarda. Kamfanin AGI na Amurka ya fito da Digipak, wato kwali mai buɗewa gida biyu ko uku, da faranti na roba a manne a ciki. A shagunan Amurka kuma an daɗe ana saka faifan CD cikin wani dogon kwali mai tsawon kusan santimita 30, don ya zauna daidai a kantocin da aka ƙera wa manyan faya-fayai, kuma ya yi wa ɓarawo wuyar sakawa a aljihu. Mawaƙa da masu kare muhalli suka yi ta ƙorafin cewa ɓarnar takarda ce, tun da a ƙofar shago ake yar da shi, har aka daina shi a 1993. Japanawa su kuma sun ƙware wajen ƙera ɗan ƙaramin kwali mai kwaikwayon bangon tsohon faifai, da siririyar takarda a gefe mai ɗauke da farashi da bayani.

A waɗannan ƙasashe kwali zaɓi ne na ƙawa, wani lokaci ma ya fi akwatin roba tsada. A Najeriya lissafi ne ya kawo shi. Kaurin akwatin roba santimita ɗaya ne, inda zai zauna kuwa kwali huɗu ko biyar za su shiga. Ga sauƙin kuɗi, ga rashin nauyi, ga shi ba ya fashewa. Ɗan kasuwar da zai ɗaure kaya a bayan babur ya bi hanyar burji ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Kwali shi ne haja

Kafin faifai ya zo, kasuwar kaset ta riga ta kafu a Kano. A cikinta ake kwafar waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, da karatun malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara, da finafinan Indiya. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya shigo wannan kasuwa da ke da na'urorinta da dillalanta da hanyoyinta. Kasuwar Ƙofar Wambai da shagunan Bata suka zama cibiya, daga nan kaya ke bazuwa zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da kuma kasuwannin karkara irin na Gwarzo da Getso da Kabo.

A nan ne aka samu wani tsari na ciniki mai ban mamaki. Furodusa ba shi da na'urorin kwafa, ba shi da jarin sayen dubban kaset. 'Yan kasuwa ke da su. Don haka idan ya gama aiki sai ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su za su kwafa a kan kaset ɗinsu, su saka a kwalinsa, su sayar. Rabonsa a kan kowane kwali yake. Sau da yawa ba ya ganin kuɗi sai kaya sun shiga, kwalin da ya yi kwantai kuma a dawo masa da abinsa. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafin Signal and Noise a 2008, ya lura cewa a wannan tsari haƙƙin mallaka yana jikin kwali ne fiye da jikin kaset. Kaset na ɗan kasuwa ne, kwali na mai fasaha.

Shi ya sa a wancan lokaci, a bakin 'yan fim da mawaƙa, nasara da kwali ake auna ta. Ana tambayar kwali nawa aka buga, nawa ya shiga, ko an koma maɗaba'a an sake bugu. Da faifan VCD da na CD suka ture kaset a shekarun 2000, wannan lissafi bai mutu ba. Mawaƙi yana da hanya biyu: ko ya sayar wa ɗan kasuwa aikin gaba ɗaya ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, riba da asara su zama na mai saye, ko ya riƙe bugun kwali a hannunsa ya jira ciniki. Ta farko ta fi kwanciyar hankali, ta biyu ta fi riba idan waƙa ta karɓu. Ko wacce ya bi, adadin kwalin da ya fita daga maɗaba'a shi ne kaɗai alƙaluman da kasuwar take da su.

Yadda ake haɗa shi

Aikin yana farawa ne a gaban mai hoto. Mawaƙi zai zo da kaya kala biyu ko uku: babbar riga da hula, ƙananan kaya da tabarau, wani har da aron mota. Daga nan sai wajen mai zane a kwamfuta, irin waɗanda suka cika benayen titin Gidan Zoo, inda situdiyo da ofisoshin 'yan fim suka taru. Da manhajar Photoshop ake yanke hoton a gyara fuska, da CorelDRAW ake jera rubutu a daidaita awo. A shimfiɗe ake zana kwalin: gaba da baya a jere, kowanne kimanin santimita 12.5 tsawo da faɗi, da 'yan kunnuwa biyu a gefe inda za a shafa gam. Mai zanen da ya san aikinsa yakan bar launi ya ɗan zarce layin yanka, don kada wuƙa ta kauce ta bar farin zare a baki, kuma ba ya kai rubutu kusa da inda za a naɗe.

A maɗaba'a ana rarraba zanen zuwa launi huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Kowane launi da farantinsa. Yawancin ƙananan maɗaba'un Najeriya da tsofaffin injinan Heidelberg na Jamus suke aiki, irin su Kord, wanda launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Ke nan takarda za ta ratsa inji sau huɗu. Idan ta goce ko da kaurin gashi a zagaye ɗaya, sai ka ga fuskar mawaƙi da inuwa ja a gefe, ko rubutu ya rabu biyu. Masu saye ba su san dalili ba, amma idonsu yana gane bugun da ya zauna da wanda bai zauna ba.

Takardar kuwa kati ce mai nauyin giram 250 zuwa 300, mai santsi a fuska ɗaya. A kan babban falle ɗaya ake jera kwali da yawa don a rage asara. Bayan tawada ta bushe sai a lulluɓe fuskar da siririyar leda mai ƙyalli, a kai injin yanka, sannan yara su zauna su naɗe su manne da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk wannan takarda daga waje take zuwa, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa. Don haka duk lokacin da naira ta faɗi, sai kwali ya ƙara siranta, ledar fuska ta ɓace, wani ma ya koma buga falle ɗaya na takarda a naɗe shi a cusa cikin leda tare da faifan.

Iri uku ke nan aka fi gani a kasuwa. Akwai aljihun kwali mai baki ɗaya, wanda ya fi yawa. Akwai takarda cikin leda, wadda ta fi araha kuma 'yan kwafi suka fi so. Akwai kuma mai buɗewa gida biyu, na aikin da ya kai faifai biyu, ko na mawaƙin da ke son a san ya kashe kuɗi.

Abin da fuska ke faɗa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma masu zanen kwali sun riƙe wannan da gaske. Mai saye a karkara yana iya zama ya fi ƙwarewa a ajami a kan boko, ko kuma mace ce a cikin gida da ta aiki yaro kasuwa. Saƙon da za ta ba shi ba zai wuce ta ce a sayo mata na wane ba, mai jar hula, ko wanda yake tsaye a gaban mota. Dole hoto ya yi girma, launi ya yi ƙarfi, suna ya fito da manyan haruffa masu kauri da za a hango daga nesa a cikin rana. Abin da mai koyon zane a makaranta zai kira cunkoso, a wajen ɗan kasuwa dabara ce: kada a bar ko kusurwa ɗaya ba ta yi magana ba.

Kowane irin faifai da tufafinsa. Na soyayya furanni ne da zuciya da launin hoda, da dogayen benayen wata ƙasa a baya, salon da ya biyo fastocin finafinan Indiya. Na bege kore ne da fari, da hoton koriyar ƙubba ta Madina, da hotunan shehunai a sama, sha'iri a ƙasa. Na tafsiri da wa'azi hoton malami ne a gaban abin magana, da sunan sura ko na littafi, da shekarar Hijira. Karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Afrilun 2007, ya yaɗu ƙwarai ta wannan hanya. Irin wannan kwali, saboda sunan Allah ko ayar da ke jikinsa, ba a yar da shi a ƙasa; ana ɗora shi a sama tare da littattafai, shi ya sa ya fi sauran tsawon rai. Na siyasa kuma alamar jam'iyya ce da hoton ɗan takara, wanda sau da yawa ya fi na mawaƙin girma, domin shi ya biya kuɗin bugu, kuma kyauta ake raba faifan.

Idan aka jera kwalayen shekara goma sha biyar a tabarma, za a ga wani sauyi da ya faru a sana'ar. A zamanin fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, kaset ɗin waƙoƙin fim yakan riga fim ɗin fita don ya yi masa talla, kuma fuskar 'yan wasa ce a jiki. Masu muryar, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, an fi jin su fiye da ganin su. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 sai ga mawaƙa suna fitar da kundin kansu da hoton kansu: Aminu Alan Waƙa, Nazifi Asnanic, Fati Nijar, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef. Mutumin Dugabau da ya daɗe yana jin murya a rediyo, a jikin kwali ya fara ganin mai ita.

Bayan kwali kuwa nan ne rauninsa yake. Za ka tarar da jerin waƙoƙi, da sunan shagon da ke rarrabawa, da lambar waya, da gargaɗi ga masu satar fasaha, wani lokaci har da barin su da Allah. Amma sau da yawa babu shekarar fita. Babu sunan makaɗin da ya zauna a kan fiyano ya haɗa sautin, babu sunan matan da suka yi amshi, babu na situdiyo, babu na mai zanen kansa. Haruffa masu ƙugiya ma ba kasafai suke fitowa ba, domin salon rubutun ado da ke cikin kwamfutocin ba su da su.

Rana, ƙura da damina

Kayan da suka bar Kano suka bi hanyar Gwarzo ta Rimin Gado suna shiga wani yanayi da waɗanda suka ƙera faifai a Holan da Japan ba su yi lissafi da shi ba. Kwali ya fi roba jure faɗuwa da matsi, amma yana da nasa ciwon. Duk shigar faifai da fitarsa gogayya ce. A lokacin hunturu ƙura takan shige aljihun, ƙwayar yashi ɗaya kuma ta isa ta ja layi a fuskar faifai. Daga nan sai waƙa ta fara tsalle ko ta maƙale, yaro ya cire ya huhhura ya goge da gefen riga, ya ƙara masa wani karcen.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, saman faifai, wajen da ake rubutu, ya fi ƙasansa rauni. Siririn ƙarfen da ke ɗauke da sautin yana dab da saman ne, fenti kaɗan ya rufe shi. Karcen ƙasa yakan sa tsalle, wani lokaci a goge ya gyaru. Karcen sama kuwa ya tafi da sautin har abada. Gam ɗin da ya tsatso ta cikin kwali, ko bakin kati mai kaifi, suna iya yin wannan ɓarna.

Sannan faifai iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, mai ƙasa fari kamar azurfa. Akwai wanda aka ƙona a kwamfuta ko a na'urar kwafa mai hawa-hawa, wanda ƙasansa ke ɗaukar kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Na biyun da wani sinadarin rini yake riƙe sauti, hasken rana kuma yana cin wannan rini. A nan kwali ya fi akwatin roba mai haske amfani, domin yana tare rana. Sai dai shi ma yana biyan kuɗin hakan: jan launi da rawaya su ke fara kodewa, shi ya sa kwalin da ya daɗe a baje yake komawa shuɗi fayau. Da damina kuma laima takan sa kati ya kumbura, leda ta ɗago, gam ya saki. Gogaggen mai faifai yakan baje kwali ɗaya na gwaji a rana, sauran su zauna a jaka cikin leda.

'Yan kwafi da hukuma

Tsarin da ya ɗora dukiyar mai fasaha a kan takarda yana da ƙofa a buɗe: duk mai iya buga takarda yana iya shiga. Muddin bugun launi huɗu yana da tsada kuma sai an je babbar maɗaba'a, kwali yana da kariya. Da na'urar ɗaukar hoton takarda da ƙananan injinan bugu suka yawaita, kwana ɗaya ya isa a kwaikwayi kwali. Ana gane na bogi da dusashewar hoto, da laushin kati, da rubutun baya da ba ya karantuwa sosai. Amma idan bambancin farashi ya kai rabi, mai saye a ƙauye ba ya tsayawa duba kaifin hoto.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin bin sawun kwalin. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta gwada tsarin manna sitika mai walƙiya a jikin kaya na gaskiya, ta ƙaddamar da shirin yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP a 2005, ta kuma fitar da ƙa'idojin masana'antun faifai a 2006. A Kano an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, kuma idonta bai tsaya kan abin da ke cikin faifai kaɗai ba, har da hoton da ke waje, musamman shigar mata. A 2007 kotu ta ɗaure Adam A. Zango a kan fitar da faifan waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya ba tare da an tace shi ba. Daga wannan lokaci duk mai buga kwali ya san akwai ido biyu a kansa, na mai saye da na hukuma.

Sai dai sitika da kame ba su kai ƙauye ba sosai. Jami'in da zai bi kasuwannin mako-mako ɗaya bayan ɗaya yana duba kwali bai wadatu ba, kuma mai baro ba shi ne ya buga na bogin ba, sari ya yi.

Da memori ya zo

Abin da 'yan kwafi suka fara, waya ce ta ƙarasa. Layukan salula sun shigo Najeriya a 2001, kuma cikin shekara goma wayoyin China masu lasifika da gurbin memori suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, suka gangaro karkara. Ga garin da wutar lantarki ba ta zama, wannan babban sauƙi ne. Faifai yana buƙatar na'ura da talabijin da janareta da mai. Waya caji kawai take so. Sai 'yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa da tasha, suna tura waƙa ɗari a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, abokai kuma su tura wa juna ta Bluetooth, daga baya ta Xender. A wannan ciniki babu abin da mai fasaha zai ƙirga. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka koma talabijin da YouTube, shagunan faifai suka rinƙa komawa sayar da caja da murfin waya. Masu zane da masu maɗaba'a suka karkata ga fastocin siyasa da katin biki da kalandar maulidi.

Zanen bango dai bai mutu ba. Duk waƙar da za a ɗora a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, sai an yi mata hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida, siffar tsohon kwali. Bambancin shi ne yanzu gaba kawai ake da shi, babu baya, kuma a fuskar waya bai fi girman tambarin wasiƙa ba.

A wasu ƙasashe kuma abin da aka riƙe a hannu ya sake daraja. A Amurka, inda cinikin CD ya kai ƙololuwa a shekarar 2000, babban faifai irin na da ya dawo har ya zarce CD yawan sayuwa a 2022. Mawaƙan Koriya ta Kudu suna sayar da miliyoyin faya-fayai ga matasan da ba su da na'urar kunnawa, saboda kwalin da littafin hotunan da ke ciki. Waƙoƙinmu ma sun shiga wannan kasuwa: a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa a babban faifai mai suna Harafin So, da bango mai kyau, ya sayar wa Turawa.

Kafin a hura wuta da sauran

Waƙar da ke yawo a memori sau da yawa ba ta da suna sai lamba, ko kuma sunan mai teburin da ya tura ta. Nan da shekara ashirin, ɗalibin da zai rubuta tarihin waƙar Hausa ta wannan zamani zai nemi sanin wa ya rera, a wane kundi, wane shago ya rarraba, yaya mawaƙin yake a lokacin. Duk da giɓin da ke jikinsa, kwali ne kaɗai takardar da ta rubuta wani abu daga cikin wannan. Kuma ba a buga shi don ya daɗe ba. Gara da laima suna cin rabonsu kowace shekara.

Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna rubuta tarihin wannan masana'anta, amma aikin adanawa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya dace Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, da sassan nazarin Hausa na jami'o'i, su buɗe rumbun kwalayen kaset da faifai, su nemi tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da masu maɗaba'a tun suna da sauran kaya a sito. Mawaƙan yau kuma su gyara abin da na jiya suka bari: a rubuta shekara, a rubuta sunan makaɗi da 'yan amshi da mai zane a duk inda aka ɗora waƙa.

Mai karatu a Dugabau ko Garo ko Getso, idan akwai irin wannan kwali a ɗakinka, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Ka kakkaɓe shi, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka rubuta shekarar da ka saya da kasuwar da ka saya idan kana tune, ka saka shi a leda ka ajiye inda laima ba ta kai wa.